Akwatin da Ban Yi wa Murfi Ba

Ku da kuka zo mini jiya da waya kuna nuna mini wani Bature yana haɗa akwatin kifi cikin minti uku, ku jawo benci ku zauna. Na ga bidiyon. Gilashi biyar, silikon na manne su, ruwa, kifi, an gama, sai miƙa hannu a karɓi kuɗi. Har wani cikinku yana cewa, "Baba Tanko, wannan kam ko makaho zai iya." To a kira makahon ya gwada, ni zan ba shi gilashin kyauta. Baturen naku bai nuna muku yadda ɗakin ya koma bayan wata shida ba, kuma a nan sana'ar take.

Kafin ɗayanku ya taɓa abin yanka, sai ya dubi ƙyallen nan da ke ƙasan akwatin kayan aikina. Da fari ne fat, yanzu ga shi da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. Ba tsumman goge gilashi ba ne, kar in ga hannun kowa a kansa. Guntun likkafani ne na wata tsohuwa a nan Bawku, Hajiya Memuna, wanda ta jiƙa da ruwan zamzam a Makka ta ajiye tana jiran ranarta. Ni na ɓata mata shi, kuma ko taɓa shi ban yi ba. Amma bari in faro daga inda na koyi aikin, don ku san ba rashin sani ne ya ja mini ba. An gaya mini, na ji da kunnena.

Ni ɗan Salaga ne, garin da in ka yi tuntuɓe sai ka faɗa rijiya, saboda haka na tashi ina ganin babu mai koya mini komai a kan ruwa. Da makaranta ta ƙi ni, ni ma na ƙi ta, babana ya sa ni a mota zuwa Yendi wajen wani abokinsa mutumin Dagomba, Masta Alhassan, mai yankan gilashin taga da madubi. Haɗa akwatin kifi a Kumasi ya koyo, kuma a shekara da ƙyar ya yi uku ko huɗu. Shekarata ta farko goge bakin gilashi kawai nake yi da dutse, har yatsuna suka yi kanta. Abin yankan kuwa a gwangwanin kananzir yake kwana, kuma ja ɗaya ake yi da shi. In ka ja ka ga layin bai yi maka ba ka sake bi, ka kashe bakin abin yanka, ka kashe gilashi, Masta kuma ya kusa kashe ka. Da kunne ake yanka. In ka ji sauti siriri kamar ana keta sabuwar atamfa, ya yi. In ka ji ƙarar yashi, gara ka fara shirya bayanin da za ka yi.

Akwatin farko da na haɗa da hannuna na wani mai sayar da magani ne a bakin tasha. Ban ɗora ma'aunin ruwa a kan teburin in ga ko ya karkace ba, ban shimfiɗa soso a ƙasa ba, kuma saboda ɗoki na cika shi washegarin ranar da na sa silikon. Ya yi kwana huɗu. Ran na biyar ya buɗe ana tsakiyar ciniki, kifi suka bi ta kan kwalayen maganin zazzaɓi, wata mata da ta zo sayen maganin tari ta fita da gudu ta bar takalminta. Masta bai doke ni ba. Sa ni ya yi na tsince kifin ɗaya bayan ɗaya, ina ba kowanne haƙuri da babbar murya a gaban 'yan tasha.

Akwati na biyu ya zauna lafiya a shagonmu, ina ta hura hanci. Masta ya manna ɗan tef daidai bakin ruwan. Bayan mako guda ya kira ni, ruwa ya sauka ƙasa da tef da faɗin yatsa biyu.

"Tanko, akwatin naka yana yoyo."

Kwana biyu ina bin kusurwoyi da yatsa. Na shimfiɗa jarida a ƙarƙashi, ta wuni ta kwana a bushe. Na koma wurinsa na ce, "Masta, wallahi ba ya yoyo."

"Na sani. To ruwan ya tafi ina?"

"Ya bushe."

"Ya bushe ya tafi ina? Ya hau mota ne?" Hausarsa ta zango ce, wadda ya tsinta a unguwar baƙi, komai namiji ne a bakinsa, har matarsa. "Ruwa ba ya mutu, Tanko. Ya canja gida kawai. Kai tambaya wane gida."

Ya ɗauko gilashi ya rufe akwatin, ya bar ɗan tsagi na shan iska da zuba abinci. Washegari ya ɗaga ya nuna mini ƙasan murfin, ya yi gumi sharkaf, ɗigo yana komawa ciki. Ya ce, "Wanda ya so gudu, murfi ya kama shi ya maido. Ba murfi, ya tafi cikin katifar mutane." Na ce to. Irin to ɗin nan da kuke ce mini ido yana kan waya.

Bayan shekara shida ya sallame ni, na zo Bawku na buɗe shago, don a nan kuɗin shanu da albasa suke, mai kuɗi kuwa yana son abin da maƙwabcinsa ba shi da shi. Na ga masu saye iri-iri. Wani a Karaga ya riƙa ba kifinsa tuwon da ya kwana, wai baƙo ba ya zama da yunwa a gidansa. Wani a Chereponi ya jefa ƙaramar tarwaɗa a ciki don ta taya su hira, da safe ya tarar ita kaɗai ce da ƙaton ciki. Amma duk cikinsu babu wanda bai kira ni cikin mako biyu ya ce akwati yana yoyo ba. In na nuna musu jarida a bushe, sai su ce to kifin ne ke shanyewa. Da bazara a garin nan, babban akwati marar murfi yana iya cin bokiti guda a mako, balle in injin iska yana ta kumfa a saman ruwan, fanka kuma tana kaɗawa a kai. Ruwan ne kawai ke tashi, kanwar da ke cikinsa tana nan zaune. In ka yi ta ƙari da ruwan rijiya ba ka zuƙe na ƙasa da tiyo ka canza ba, za ka ga farin zobe a jikin gilashi, daga nan kifi su fara iyo ciki sama.

Shekarar da aka yi ta ɗauke wuta, wadda ake ce wa dumso, ita ta kusa tashin shagona. Injin iska ya tsaya, ga zafi, sai kifi su taru a sama suna buɗe baki. Kowace safiya sai wani ya zo mini da gawa a leda yana zagi. Wani Alhaji ya mayar da akwatinsa ma'ajiyar takalma, wani ya sa zomo a nasa. Na koma yankan gilashin taga. Wata huɗu ban haɗa akwati ko ɗaya ba, sai ga waya daga Italiya. Wani Sadiku ne, ɗan Hajiya Memuna. Ya ce mamarsa ta daina fita kasuwa saboda ciwon gwiwa, zaman kaɗaici yana damunta, a yi mata akwatin da ya fi kowanne girma a Bawku. Ya sa mata sola a gidan, saboda haka wuta ba matsala ba ce.

Gilashi mai kaurin da aikin yake so babu shi a nan, daga Tamale na ɗauko guda shida. Biyar suka iso lafiya. Na shida, wato na murfi, ya gamu da wani rami a hanya ya zama goma sha biyu. Komawa Tamale saboda gilashi ɗaya kwana biyu ne, Sadiku kuma yana kira safe da yamma yana son ya gani a waya. Na ce a raina ai bazara ce, ɗaki zai shanye, na kawo murfin daga baya. Kun dai san "daga baya" na mai sana'a, uwarsu ɗaya da "gobe" na tela.

Hajiya 'yar guntuwar tsohuwa ce, da ƙyar ta kai kafaɗata, amma ta yi shekara arba'in tana shigo da atamfa ta Pusiga, can bakin iyaka, babu direban da bai san kaifin bakinta ba. Jikar Hausawan da suka fara zama a garin nan ce, Hausarta cikakkiya, in ta zage ka sai ka ji kamar ka rubuta ka ajiye. Ta ce ba a falo za a sa ba, a uwar ɗakinta za a sa. "Ɗana ya saya wa baƙi ne ko ni?" Ɗakin taga ɗaya gare shi. Ina gyara wurin tebur sai na kai hannu zan matsar da wani tsohon adudu da ke jikin bango, irin akwatin saƙar nan na mutanen da.

"Kai! Sauke hannunka."

"Mma, matsarwa kawai zan yi."

"Komai na ɗakin nan ka taɓa, har ni in ka ga dama ka ɗauke ni ka ajiye a waje. Ban da wannan. Kayan tafiyata ne."

Ta buɗe da kanta ta nuna mini. Farin alawayyo ne a naɗe, yana ƙamshin turare. Ta ce, "Da hannuna na jiƙa shi da zamzam, na shanya shi a ranar Makka. Shekara goma sha ɗaya yana jirana. Gwiwar nan ba za ta sake kai ni can ba, saboda haka babu na biyu."

Na ce Allah ya ja kwana, na kafa akwatina taku biyu daga adudun. Da aka cika ruwa aka saki kifi, ta daɗe tana kallo tana murmushi, sannan ta dubi saman.

"Ba a rufe shi? Ko tulu ai ana rufewa."

"Mma, yanzu a Turai haka ake yayi."

Ƙarya ce na yanka mata, ja ɗaya, ko kananzir ban sa ba.

Mako biyu sai ga aike, wai akwati yana yoyo. Na tarar ta tara maƙwabta mata don su zama shaidu. Ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk mako sai an ƙara bokiti, ruwan nan kuma saye nake yi." Na shimfiɗa jarida a ƙarƙashi, na dawo washegari na zaro ta a gabansu a bushe ƙamas.

"To ina ruwana?"

"Iska ce ke kwashewa, Mma. Zafi ya ɗaga shi sama, iska ta shigo ta taga ta fita da shi."

"Ta taga?"

"Ta taga."

Ta gyaɗa kai a hankali. Na fito ina jin kaina wani babban malami, na ka da Hajiya Memuna a gaban jama'a.

Na manta da wadda nake magana. Macen da ta yi shekara arba'in tana hana ɓarayin kasuwa ko ƙyalle ɗaya ba za ta zauna iska tana yi mata sata a ɗaki ba. Ta sa aka rufe tagar ruf, aka cusa jarida a kowane tsagi, jaridar nan da na bari. Aka rataya labule mai kauri, aka toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Kuma dabarar ta yi aiki, don ɗakin da ya riga ya ƙoshi da danshi ba ya ɗaukar ruwa da yawa. Ta kira ni a waya da murna ta ce, "Na kama ɓarawon, ruwa ya rage gudu." Ina kan tsani ina sa wa wani gilashin taga, na ce madalla. Ban tambayi yadda ta kama shi ba. Damina ta sauka a kan haka.

Sai bayan wata huɗu ta sake kira, ta ce kalma ɗaya, "Zo." Ƙofar ɗakin ta kumbura, sai da na sa kafaɗa ta buɗe. Warin jiƙaƙƙen buhu ya tare ni. Bangon bayan akwatin ya yi baƙi da fumfuna har sama, madubi yana zufa, kwalin ashana ya yi laushi a kan tebur. Hajiya tana zaune tana tari. Kifin kuwa sun yi ɓul-ɓul, lafiyarsu lau, su kaɗai ne ke jin daɗin ɗakin. Adudun yana buɗe, alawayyon a shimfiɗe a kan gado. Duk inda aka ninka shi ya yi ɗigon baƙi, ƙarshen da ke jingine da bango kuwa ya ruɓe, yatsa kawai ta sa ya huje.

Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni.

"Tanko, ka ce iska ke kwashewa. Na hana ta shiga. To da na hana ta, wa ya kwashe?"

Na ji muryar Masta a kunnena kamar yana tsaye a bayana. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Na durƙusa na gaya mata gaskiya, cewa murfin ya fashe a hanya, na yi ƙyuyar komawa, kuma babu wani yayi a Turai.

"Na sani," in ji ta. "Shekaranjiya na tambayi Sadiku, ya ce shi duk wanda ya gani a can da murfinsa. Na so in ji da bakinka ne."

Na ce zan sayo mata sabon yadi, mafi tsada a kasuwa. Ta dube ni kamar na yi tusa a masallaci. Aka kira limamin unguwa, ya yi mata nasiha cewa duk farin ƙyalle mai tsarki ya wadatar, aikin mutum ne ke binsa kabari. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Allah ya gafarta Malam, gaskiya ka faɗa. Ranar taka in ka so a naɗe ka da buhun masara. Ni da nawa zan tafi." Aka ce to a wanke shi. Ta ce da wane ruwa, na famfon Bawku, ya wanke mata zamzam ɗin? Ta juyo kaina.

"Kai ka kawo ruwan da ya ɓata. Kai za ka kawo wanda zai gyara."

Abu na farko, na cire jaridun na buɗe tagar, na fitar da katifa rana. Na biyu, na hau mota zuwa Tamale na yanko murfi. Kwana biyun nan da na yi wa rowa, su ɗin dai na kashe. Na uku shi ne wahalar. Allah ya sa lokacin alhazai sun dawo, sai na ɗauki jarka na shiga gida-gida.

Kun taɓa roƙon zamzam wurin sabon Alhaji? Ya fi sauƙi ka roƙi haƙorin Makkansa. Ga dangi a layi, ga maƙwabta, sai ya ɗiga maka a murfin kwalba kamar maganin ido, yana kallonka har ka haɗiye. Ni kuwa ba sha zan yi ba, jarka na kawo, saboda haka kowane gida sai na ba da labarin daga farko, su yi dariya su ƙoshi, sannan a ɗiga mini. Na gama Bawku na shiga Pusiga. Akwai wanda ya cika mini kofi guda da fara'a, na ɗanɗana na ji ɗanɗanon rijiyar bayan gidansa, na yi godiya na zubar a hanya. Na je Salaga wurin wata gwaggona, ta zage ni tas sannan ta ba ni rabin kwalba. A Yendi na tarar da Masta ya tsufa, ido ya yi rauni. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Ruwan ya canja gida, ko?" Sannan ya sa aka ɗauko 'yar kwalbar da ya ajiye don ranar ciwo, ya juye mini ita duka.

Tsorona ɗaya ne a duk yawon nan, kar ta riga ni. Tarin bai sake ta da wuri ba, kuma duk sanda na leƙa in gaishe ta sai ta dubi jarkar ta ce, "Yi sauri, ni ba mu yi alkawarin rana da Mala'ika ba." Mako bakwai na yi kafin in haɗa abin da ya kai galan ɗaya da rabi.

Da kanta ta wanke. Aka sa mata kujera 'yar tsugune a tsakar gida, ta matsa lemun tsami a kan ɗigon, ta cuɗa a hankali, ta ɗauraye da zamzam, ba ta bari ko ɗigo ya zube a ƙasa ba. Aka shanya a rana. Baƙin ya koma ruwan ƙasa, amma bai fita ba. Ta sa aka kawo almakashi, ta yanke ruɓaɓɓen ƙarshen, kamu guda cur. Ta auna sauran da hannu irin na 'yan atamfa, ta yi lissafi da baki, sannan ta kwanta a tabarma ta miƙe ta sa maƙwabciyarta ta gwada a jikinta. Matan gidan suna ta salati suna cewa Mma wannan wane irin abu ne. Ta tashi zaune ta kakkaɓe zanenta.

"Ya isa. Allah ya so ka ni guntuwa ce. Da na ɗauko tsawon ubana da ka shiga uku."

Ta jefo mini guntun da ta yanke. "Riƙe. Duk gidan da za ka shiga da gilashinka, ka fara duban wannan."

Na ce, "Mma, ɗigon nan fa bai fita ba."

"Bar shi. In an tambaye ni a can, zan ce a jira mai kifi, yana nan tafe."

Ta ƙara shekara biyu tana kallon kifinta, da murfi a kai, taga a buɗe, adudun kuma a wani ɗaki. Da bazara ta rasu. Matan da suka yi mata sutura sun ce yadin ya isa daidai, ko faɗin yatsa bai ragu ba. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma na yi kuka, ban ɓoye ba.

Tun daga ranar, in na shiga gida ba na fara auna bango. Taga nake dubawa, sannan in tambayi mai ɗakin me ya ajiye a ciki da ba shi da na biyu. Gilashi kuwa murfi nake fara yankawa kafin sauran biyar, don akwai mai jirana da tambaya, kuma ina nan tafe. Kai mai maganar makaho, ajiye wayar nan, ɗauki dutse ka fara goge baki.